Yadda Ake Gwada Amsoshi Da Ƙiyasta Maki Bayan Jarrabawar Lissafi

Da zarar an ce a ajiye alƙalami, an karɓi takardu, an buɗe ƙofa, maganar da za ta fara dukan kunnenka ita ce, "Kai, me ka samu a lamba 17?" Na shekara da shekaru ina shirya ɗalibai domin manyan jarrabawowin lissafi, kuma kowace shekara abin da nake gani a bakin ƙofar nan bai canja ba. Yaro zai fito da fara'arsa, kafin minti biyar gwiwarsa ta yi sanyi don abokai uku sun ce amsarsa ba ita ba ce. Wani kuma zai tafi yana cika baki cewa ya cinye duka, bayan wata biyu sakamako ya zo masa da wani labarin.

Ban taɓa hana ɗalibaina gwada amsa ba, don ko na hana ma sai sun yi. Abin da nake roƙonsu shi ne su yi shi bisa tsari. Ƙiyasin maki yana da amfani sosai: da shi za ka san ko ka fara shirin sake zama, da inda za ka nemi gurbi, da darasin da ya kayar da kai. Amma ƙiyasin ba zai wuce ingancin abin da ka rubuta da hannunka ba tun kafin bakin kowa ya shiga kunnenka. A nan yawancin ɗalibai ke ɓata aikin tun ba a fara ba.

Kayan da za ka tanada

- Farar takarda mai layi, falle biyu ko uku, da biro, da fensir, da rula.
- Kalkuleta irin wadda aka yarda a shiga da ita jarrabawar, in da hali ma ita ɗin da ka shiga da ita.
- Takardar tambayoyi, idan hukumar tana bari a fita da ita. Idan ba ta bari, ko a kwamfuta aka yi, mataki na 2 ne zai tsaya a madadinta.
- Ƙa'idar ba da maki ta jarrabawar. Tana cikin manhaja ko littafin bayanin da hukumar ke fitarwa, sau da yawa ma tana shafin farko na tsoffin takardun tambaya.
- Jadawalin makin da ya ba da kowace daraja a shekaru biyu ko uku da suka wuce, idan hukumar tana wallafawa.
- Abokai biyu zuwa huɗu da suka zauna jarrabawar.
- Malami, ko wani da ya iya lissafi amma bai zauna jarrabawar ba. In babu, littafin darasi mai misalan da aka warware zai yi.
- Wajen awa biyu a wuri mai shiru.

1. Tabbatar an yarda, kuma lokacin ya yi

Kafin komai, ka san dokar jarrabawarka. Hukumar College Board, mai shirya SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, tana hana yaɗa tambayoyinta gaba ɗaya, kuma tana iya soke makin wanda aka kama. Wasu jarrabawowin ana yin su rukuni-rukuni a kwanaki da dama, wasu kuma ana yin su a ƙasashe masu bambancin agogo, ta yadda kai ka fito alhali wani bai shiga ba. Idan ka baza tambayoyi a intanet a irin wannan hali, ka shiga layin masu satar amsa ko da ba nufinka ke nan ba. Inda doka ta hana tattauna tambayoyin, ka tsallake mataki na 3 zuwa na 5, ka yi sauran kai kaɗai. Ƙiyasin zai fi faɗi, amma zai yi aiki.

Sai abu na biyu. Idan akwai wata takarda da za ka rubuta yau da yamma ko gobe da safe, ka yi mataki na 2 kawai, ka ninke takardar ka ajiye. Wadda ta wuce alƙalami ya riga ya bushe a kanta. Na sha ganin ɗalibi ya shiga takarda ta biyu zuciyarsa tana kan tambaya ɗaya ta takardar farko, ya zubar da maki goma garin jimamin maki ɗaya.

2. Rubuta naka, kai kaɗai, da zafi-zafi

Wannan ne ginshiƙin aikin, don haka zan daɗe a kai.

Kana fita, ka nemi gefe guda ka zauna. In aboki ya tare ka, ka ce masa, "Ba ni minti ashirin, ina zuwa." Kada ka buɗe waya. Ja layi ka raba takardarka gida huɗu daga sama zuwa ƙasa: lambar tambaya, abin da aka tambaya a taƙaice, amsar da ka bayar, da yadda ka same ta. A gida na ƙarshe harafi ɗaya ya isa. T idan ka warware kuma ka tabbata, SH idan ka tsaya tsakanin amsa biyu ka zaɓi ɗaya, C idan canke ka yi kawai, B idan ka bar ta babu amsa.

Da biro za ka cike wannan, don kada ka iya gogewa daga baya. Dalili shi ne, tunanin ɗan Adam yana da saurin bin abin da ya ji. Kana jin wani ya ce "24" da ƙarfin murya, zuciyarka za ta fara raya maka cewa kai ma kamar 24 ɗin ka sa. Ba ƙarya kake yi da gangan ba, da gaske haka za ka ji. Na gwada wannan da ɗalibaina a jarrabawar gwaji, inda takardunsu na ainihi ke hannuna. Waɗanda suka faɗi amsoshinsu bayan sun yi hira da abokai sukan ba kansu daidai a wuraren da takardar ta nuna sun kuskure, har su rantse.

Ka rubuta ƙimar amsar kanta, misali 48 ko 2x + 6, kada ka tsaya ga harafin A ko C. Inda ba ka tuna abin da ka sa ba, ka rubuta "ban tuna ba". Wannan amsa ce ta gaskiya, kuma akwai yadda za mu yi da ita a gaba. Kada ka sake warware tambayar a nan ka rubuta sabuwar amsa a matsayin ta ɗazu. Yanzu hankalinka a kwance yake, babu agogo a kanka, abin da ka samu yanzu ba lalle ne shi ka samu a ciki ba.

Idan an bar ka da takardar tambayoyi, aikin ya zo da sauƙi, musamman in ka saba yin 'yar alama a kan zaɓinka tun kana ciki. Idan a kwamfuta ne, ka fara da waɗanda suka fi ba ka wahala, su ne suka fi zama a kai, sannan ka bi darasi-darasi: na kusurwa, na kashi cikin ɗari, na jadawali, na aljabara. Bin darasi ya fi bin lamba saurin dawo da tambaya. Ba za ka tuna duka ba. Ko kashi biyu cikin uku ka samu, ya isa a yi aiki.

3. Zaɓi waɗanda za ka zauna da su

Mutum uku zuwa biyar har da kai. Fiye da haka surutu ne, mai babbar murya ne zai yi nasara. Sharaɗin shiga ɗaya ne: kowa ya zo da takardarsa da ya cike shi kaɗai. Ka nemi waɗanda ba tare kuka yi bita ba, ko da mutum ɗaya ne. 'Yan aji ɗaya da suka koyi hanya ɗaya sukan yi kuskure iri ɗaya, sai su tabbatar wa juna da shi.

Ku yi alkawari tun farko cewa ba a tambayar kowa jimlarsa, kuma ba a yi wa kowa dariya. Wanda ya ji tsoron kunya zai ɓoye amsarsa, alhali wataƙila tasa ce daidai.

4. Daidaita tambayoyin kafin amsoshin

Jarrabawowi da yawa suna da nau'in takarda fiye da ɗaya, ko kwamfuta ta jujjuya jerin tambayoyi da jerin zaɓi. Lamba 17 ɗinka tana iya zama lamba 32 ta abokinka, C ɗinka kuma A ɗinsa. Don haka ku kira tambaya da abin da ke cikinta, "ta motar nan mai zuwa da dawowa", "ta silinda". Ku kuma duba lambobin da ke ciki, don wani lokaci tambayar iri ɗaya ce amma an sauya alkaluma.

Sannan ku tsaya a kan jimlar ƙarshe ta tambayar, wato abin da aka ce a nemo. Rabin gardamar da na taɓa rabawa daga nan take. A ce an ba da 3x − 7 = 2x + 5. Kowa zai samu x = 12. To amma x aka ce a nemo, ko 2x? Idan 2x ne, amsa 24, kuma ka tabbata masu shirya tambaya sun ajiye 12 a cikin zaɓi suna jiran mai gaggawa. Idan kun kasa yarda a kan yadda aka faɗi tambayar kuma babu takarda a hannu, kada ku ɓata lokaci. Ku sa mata alamar "ba a warware ba", ku wuce.

5. Raba gardama da alƙalami

Ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Inda duk kuka samu amsa ɗaya kuma tambayar mai sauƙi ce, ku wuce da sauri. Inda kuka saɓa, ko tambayar tana da ƙamshin tarko, nan za ku zauna.

Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan karin maganar ba ta shiga ɗakin lissafi. Amsoshin bogi da ke cikin zaɓi ba da ka ake zuba su ba. Ana gina kowace ɗaya a kan kuskuren da aka san ɗalibai suna yi. Saboda haka a tambaya mai wuya, amsar da ta fi yawan masoya ita ce ta fi cancantar a tuhume ta.

Akwai wata ɗalibata da ba na mantawa. Na same ta zaune a kan matakala tana share hawaye da gefen hannu, ta ce mini, "Malam, na faɗi. Su huɗu duk 50 suka samu, ni kaɗai na sa 48." Tambayar ita ce, mota ta je wani wuri da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanya ɗaya da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Na ba ta biro na ce ta ɗauka nisan kilomita 120 ne. Zuwa awa 2, dawowa awa 3. Tafiyar duka kilomita 240 cikin awa 5. Ta raba da kanta, 48 ya fito. Abokan nata sun tara 60 da 40 ne suka raba biyu, suka manta motar ta fi daɗewa a kan gudun 40. Ta kalli takardar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko za ta iya tafiya da ita.

Ga hanyoyin da nake bi, daga mafi sauri:

Mayar da amsa cikin tambaya. Wannan ya fi sake warwarewa, don in ka sake bin hanyarka ta ɗazu kana iya maimaita kuskurenka. Ɗauki √(x + 2) = x. In aka warware za a ga 2 da −1. Saka 2: √4 = 2, ya zauna. Saka −1: √1 = 1, wanda ba −1 ba ne. Ke nan 2 kaɗai ce amsa, wanda ya ba da biyun ya rasa.

Sa lamba mai sauƙi. Idan an ce an ƙara wa wani adadi kashi 20 cikin ɗari sannan aka rage kashi 20, fara da 100. Ya koma 120, kashi 20 na 120 kuwa 24 ne, saura 96. Ya ragu da kashi 4, bai dawo inda yake ba.

Duba ko amsoshin naku ɗaya ne cikin riga daban. 1/√2 da √2/2 abu ɗaya ne, duka wajen 0.707. Haka 2(x + 3) da 2x + 6, haka 0.75 da 3/4. Buga su a kalkuleta kafin ku fara musu. Sai dai a kula, idan tambaya ta fayyace siffar da take so, misali lamba biyu bayan ɗigo, to siffar ma tana da maki.

Duba saitin kalkuleta. Buga sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri. In ta ba ka wajen −0.988, a kan radiyan take, wato wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, kuma duk tambayar kusurwar da ka yi da ita a haka sai ka sake dubawa. Wannan ne ya sa na ce ka zo da wadda ka shiga da ita, kada ka taɓa saitinta.

In duk wannan bai raba ku ba, kowa ya warware a takardarsa ba tare da kallon na wani ba, sannan ku jera layi da layi har ku ga inda hanya ta rabu. In har yanzu shiru, ku kai wa malami, amma ku faɗa masa cewa daga ka kuka tuno tambayar. Ni kaina na taɓa yanke wa ɗalibai hukunci a kan tambayar da suka kawo mini da baki, ashe sun bar kalma ɗaya, "diyamita", wato faɗin da'ira ta tsakiyarta, suka mayar "radiyos", wanda rabinta ne. Na tabbatar musu da amsar da ba ita ba, wasu suka kwana da baƙin cikin da bai kamace su ba. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma tun daga ranar ba na cewa "wannan ce" sai na ce "in dai haka tambayar take".

Game da jerin amsoshin da ke yawo a waya bayan jarrabawa kuwa, ka ɗauke su kamar ƙarin aboki ɗaya da ba ka san iyawarsa ba. Duk wanda bai nuna hanya ba, harufa kawai ya jero, ba shi da ƙuri'a. Jerin da hukumar jarrabawa ta fitar da kanta ne kawai yake kashe magana.

6. Kasa tambayoyinka gida huɗu, ka fitar da lamba uku

Yanzu koma kan takardarka ta biro, ka yi alama da fensir a gefe. Kowace tambaya za ta faɗa ɗaya daga cikin gida huɗu: an tabbatar ka ci, an tabbatar ka rasa, tana tsakanin biyu, ko canke ne da ba a gano gaskiyarsa ba. "Ban tuna ba" takan shiga gida na uku in ka san ka yi aiki a kanta, in kuwa ba ka ma tuna ka taɓa ta ba, ta tafi na huɗu.

A ce tambaya 50 ce, kowace maki ɗaya, zaɓi huɗu, ba a cire maki don kuskure. Ka samu 31 a gida na farko, 6 a na biyu, 8 a na uku, 5 a na huɗu.

Mafi ƙanƙanta: 31 ɗin da aka tabbatar. Ni nakan ƙara cire 2 saboda abin da ba wanda zai gani yanzu, kamar cike gurbin da ba shi ba ko tsallake layi. Saura 29.

Mafi girma: 31 da 8 da 5, wato 44. Wannan sai in komai ya faɗo maka daidai, kuma ba haka ake yi ba.

Na tsakiya: 31, da rabin 8 wato 4, da rubu'in 5 wanda za mu ɗauka 1. Jimla 36. Idan zaɓi biyar ne, ɗaya cikin biyar za ka ɗauka na canken.

Abin da za ka riƙe shi ne lambar tsakiya da ɗan faɗi ƙasa da sama, a nan kamar maki uku: "wajen 36, da wuya ya gaza 33, da wuya ya haura 39". Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar 44 a kai wa iyaye. Kowace tambaya ta shakka in ka kalle ta ita kaɗai za ka ji kamar ka ci, sai an haɗa takwas ɗin ne gaskiya ke fitowa. Akwai kuma masu yin akasin haka, su riƙe 29 su hana kansu barci. Su ma ba su yi wa kansu adalci ba.

Tambayoyin da ba wanda ya tuna da su sam, ka ba su gwargwadon abin da ka ci a sauran, ka ɗan ƙara sama kaɗan, don yawanci masu sauƙi ne ake mantawa.

7. Sa ƙa'idar makin jarrabawarka

Yawan daidai ɗaya yana iya ba da maki daban-daban. Ɗauki ɗalibin da ya ci 14, ya rasa 6, ya bar 5 cikin tambaya 25. A jarrabawar JEE Main ta Indiya ana ba da maki 4 ga daidai, a cire 1 ga kuskure, wadda aka bari kuma sifili. Nasa zai zama 56 a cire 6, wato 50 cikin 100. A gasar AMC 12 ta Amurka kuwa daidai maki 6 ne, kuskure sifili, wadda aka bari tana da 1.5. Nasa 84 da 7.5, wato 91.5 cikin 150. Ka ga amfanin harafin B da na ce ka rubuta tun a mataki na 2.

Inda ake cire maki, gidan shakka da na canke suna da fuska biyu. A tsarin 4 da 1, canke huɗu a bisa ƙiyasi ɗaya zai ci uku su faɗi, 4 a cire 3, ribar maki 1 kacal. Mafi ƙanƙantar lambarka ma sai ka cire mata makin duk na shakkan, kamar duk sun faɗi.

Kada ka dogara da abin da yayanka ya gaya maka na zamaninsu. SAT tana cire rubu'in maki ga kuskure a da, ta daina tun 2016. Ƙa'idar shekarar da ka zauna za ka nema.

8. Takardar nuna aiki

Wannan ta fi wuyar ƙiyasi, don ba amsar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. Hukumomi irin su Cambridge da Edexcel, da wasu da dama da ke bin salonsu, suna kasa maki kashi uku. M na hanya ne, A na daidaiton amsa kuma yawanci ba a samunsa sai an samu M ɗin da ya rataya a kai, B kuma maki ne mai zaman kansa. A wasu wurare ana bin kuskurenka: in ka ɓata sashe na farko amma ka yi amfani da wannan amsar ta hanya mai kyau a sashe na biyu, kana iya samun makin na biyun.

Ga yadda nake yi. Ɗauki tambayar silinda mai diyamita 14 da tsawo 10, a nemo abin da cikinta zai ɗauka, π a matsayin 22/7, maki 4. Radiyos 7 ne, amsa 1540. Ɗalibin da ya rubuta ƙa'idar daidai amma ya sa 14 a gurbin radiyos zai samu 6160. Zan ba shi 1, in na yi sassauci 2. Wanda ya yi komai daidai ya yi tuntuɓe a ninkawar ƙarshe zan ba shi 3. Wanda ya rubuta 1540 tsurarta babu layi ɗaya na aiki, alhali an ce a nuna aiki, ba zan ba shi fiye da 1 ba a ƙiyasi, gara ya sha mamakin alheri.

Ga kowane sashe ka rubuta lamba biyu, ta mai tsanani da ta mai sassauci, ka tara kowace daban. Ka cire maki inda ka manta ma'auni kamar santimita, ko ka taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki har amsar ta ɗan kauce. In kana da tsohon tsarin makin hukumar na irin wannan tambayar, ɗora aikinka a kansa, ya fi kowane zato. Idan kuma an ce a amsa adadi kaza ka amsa fiye, kada ka tara duka, iya adadin da aka nema za ka ƙirga.

9. Haɗa takardu, ka nemi daraja

A ce ka ƙiyasta 36 cikin 50 a ta farko, 58 cikin 100 a ta biyu. In tarawa kawai ake yi, 94 cikin 150, wajen kashi 63 cikin ɗari. In kuwa ta farko tana ɗauke da kashi 40 ta biyu 60, sai ka raba 36 da 50 ka ninka da 40, ka samu 28.8, ka raba 58 da 100 ka ninka da 60, ka samu 34.8. Jimla 63.6. Yi haka sau uku, da ƙaramar lamba, da ta tsakiya, da babba.

Mayar da wannan zuwa daraja shi ne inda ƙiyasi ya fi rauni. Hukumomi da yawa sai bayan an gama maki suke tsayar da iyakar kowace daraja, suna la'akari da wuyar takardar shekarar. In takarda ta yi zafi iyakar takan sauko. Don haka ka jera iyakokin shekaru uku, ka ga inda lambobinka uku suka faɗa. In duka suna cikin daraja ɗaya, ka samu amsa. In sun raba ƙafa, ka ce "ko wannan ko wannan", ka yi shiri a kan ta ƙasa.

Wasu jarrabawowin ma ba a iya ƙirga su kai tsaye. Lissafin SAT na kwamfuta tambaya 44 ne a zango biyu cikin minti 70, makinsa daga 200 zuwa 800, kuma wuyar zango na biyu tana bin yadda ka yi a na farko. Huɗu daga cikin tambayoyin ma na gwaji ne, ba a ƙirga su, kuma ba za ka san ko waɗanne ba ne. Mutum biyu masu yawan daidai ɗaya suna iya fita da maki daban. A irin wannan, makin da ka riƙa samu a gwaje-gwajen hukumar na ƙarshe kafin jarrabawa ya fi duk wani lissafin bakin ƙofa kusa da gaskiya.

In babu jadawalin iyakoki ko kaɗan, ka tsaya a kashi cikin ɗari, ka kai wa malamin da ya ga sakamakon ɗalibai na shekaru, ka tambaye shi masu irin wannan makin a gwaji me suka saba fita da shi.

10. Ajiye takardar har ranar sakamako

A bayan takardar ka rubuta lambobinka uku da kwanan wata. Ƙarƙashinsu ka jera tambayoyin da ka rasa, kowace da dalilinta cikin kalma biyu ko uku: ban iya ba, ban karanta da kyau ba, kuskuren alama, lokaci ya ƙare. In za ka sake zama, wannan jerin ne jadawalin bitarka. Wanda yawancin nasa "ban karanta da kyau ba" ne, ba sabon littafi yake buƙata ba, atisaye da agogo yake buƙata.

In iyaye suka tambaya, ka ba su lambar tsakiya tare da faɗinta, ka gaya musu ƙiyasi ne. Daga nan ka daina sake lissafawa. Duk wanda ya zo maka da sabuwar amsa bayan kwana uku, ka ce ya kawo hanyar a rubuce.

Ranar da sakamako ya fito, ɗauko takardar ka gwada. In ya faɗa tsakanin ƙaramar lambarka da babba, ƙiyasin ya yi aikinsa. In ya sauka nesa ƙasa da ƙaramar, musamman a takardar nuna aiki, ka je wurin malaminka da takardar a ranar ko washegari, ku duba ko ya dace a nemi hukumar ta sake duba makin. Irin wannan buƙata tana da wa'adi gajere, yawanci ta hannun makaranta ko cibiyar jarrabawa ake shigar da ita, kuma a wasu hukumomin makin yana iya hawa ko ya sauka bayan an sake dubawa. Ka tambayi ranar rufewa tun kafin sakamakon ya fito, ka rubuta ta a saman takardar.